Ƙorafin masu fama da ciwon toshewar numfashi zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jiha,
ta hannun Babban Sakataren Ma'aikata.



Ranka ya daɗe, masu wannan takarda su ne mutanen jiharka da ke fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wanda likitoci ke kira COPD, tare da 'ya'ya da mata da mazan da ke jinyarsu. A cikinmu akwai matan da suka tsufa a bakin murhu, da masu tuyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, da masu gasa burodi da tsire, da masu injin niƙa, da masu fasa dutse, da kuma waɗanda suka sha taba tun ƙuruciya suka bari ko suke fafutukar bari. Da yawanmu ba za su iya hawa matakalar ofishinka ba, shi ya sa muka zaɓi takarda.

Mun san kai da ma'aikatanka kun fi mu sanin ciwon. Amma da yake takardar za ta iya kaiwa hannun masu tsara kasafi, waɗanda ba likitoci ba, muna neman izini mu bayyana shi a taƙaice. Hayaƙi da ƙurar da mutum ya shekara yana shaƙa su ne ke sa hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su ƙuntata, su cika da majina, ƙananan jakunkunan iskar kuma su yage su rasa ƙarfin da suke matso iska waje da shi. Sai huhu ya zama kamar zugazugin maƙerin da fatarsa ta saki: iska ta shiga, fitarta ta zama aiki. Ciwon yakan fara ne da tarin asuba da kaki, mutum ya ce sanyi ne. Daga nan sai haki wajen jan guga ko hawan tudu, sai ƙirji ya fara fito, har a kai ranar da alwala ko sa riga sai an tsaya an huta. Galibi bayan shekara 40 yake bayyana. Abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa, mun karɓi wannan a matsayin ƙaddara. Abin da ba mu karɓa ba shi ne a bar mu haka nan, alhali ana iya rage wa ciwon gudu, a sauƙaƙa numfashi, mutum ya ci gaba da neman abincinsa na tsawon shekaru.

Ba ciwon mutum ɗai-ɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe kimanin mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, shi ne na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda yake kashewa kafin su cika shekara 70 suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin tamu. A nan gida, binciken da aka yi a Ile-Ife a kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya sami wannan toshewa a kashi 7.7 cikin 100 na waɗanda aka auna. Mu a wannan jiha ba a taɓa zuwa an ƙidaya mu ba, don haka ba ma fitowa a rahoto, wanda kuwa bai fito a rahoto ba ba ya fitowa a kasafi.

Kukanmu na farko shi ne rashin gane ciwon. Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da shi, sauraren ƙirji ma haka. Abin da ke tabbatar da shi wata ƙaramar na'ura ce ta auna ƙarfin numfashi, sifirometa, wadda ba ta kai girman rediyo ba. A ba mutum maganin buɗe hanyar iska, ya cika ƙirjinsa, ya busa a cikinta iyakar ƙarfinsa. Idan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya fitar ba, to akwai toshewa. Aikin 'yan mintoci ne, ba a ɗibar jini, ba a yanka. Amma a manyan asibitocin ƙananan hukumominmu babu wannan na'ura, sai mutum ya yi kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa, wanda kuma ke haki daga ɗaki zuwa zaure ba shi da ƙarfin yini a layi.

Sakamakon haka kowa sai ya laƙaba wa ciwon sunan da ya sani. Wani a ce masa asma, wani sanyin ƙirji, wani tsufa, wani kuma a gida a ce sammu. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, mai tuyar ƙosai ce da ba ta taɓa riƙe sigari ba, wadda aka gwada kakinta ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma duk da haka aka ɗora ta a kan maganin wata shida saboda tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ta shanye tas, aka ware mata kwano da kofi a gida, masu sayen ƙosanta suka watse, tarin kuma yana nan inda yake. Ba ma ganin laifin ma'aikacin da ya duba ta. Abin da ke hannunsa ya yi amfani da shi. Kuma muna yaba wa gwamnati a kan gwaji da maganin tarin fuka da ake bayarwa kyauta. Sai dai wanda aka gwada aka ce ba shi da tarin fuka, a nan hanyarsa take ƙarewa, babu ƙofa ta biyu. Haka ma wanda ya warke daga tarin fukan na gaskiya, ana sallamarsa a rufe katinsa, alhali tabon da cutar ta bari a huhu yana cikin manyan abubuwan da ke haifar da wannan toshewa.

Na biyu, magani. Ginshiƙin jinyar wannan ciwo maganin shaƙa ne, inhela: mai aiki nan take irin salbutamol, da mai riƙe hanyar iska a buɗe yini guda irin tiyotirofiyam, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba tun 2019. Na biyun, yawancinmu a takardar likita kawai muka taɓa ganin sunansa. Na farkon kuwa, tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi kuma wani babban kamfanin magunguna na waje ya naɗe tabarmarsa daga Najeriya, kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Yau za ka ga dattijo ya kara gwangwanin a kunne yana girgizawa don ya ji ko da saura, yana adana shi sai ranar da numfashi ya kai maƙura. Wasu ma da suka saya ba a nuna musu yadda ake amfani da shi ba, sai su fesa a baki su haɗiye, maganin ya tsaya a harshe. Likitoci a Afirka ta Kudu sun daɗe da nuna cewa gorar roba ta rabin lita, idan aka huda gindinta aka sa bakin inhelar, tana taimaka wa magani ya isa huhu. Wannan ba ya buƙatar kwangila, ma'aikaci ne kawai zai zauna da mara lafiya ya nuna masa.

Da inhela ta gagara, sai mutane suka koma kemis. A can ake ƙulla musu haɗi a leda, da maganin tari na ruwa, da ƙwayoyin desametason ko firedinisolon. Likita yakan ba da irin waɗannan na kwana biyar kacal idan ciwon ya tashi. A unguwa kuwa ana shan su wata da watanni saboda suna da araha kuma suna kawo sauƙi nan da nan. Fuska ta kumbura, maƙwabta su riƙa cewa barka, jiki ya yi kyau, alhali sukari da hawan jini ne ke shigowa, ƙashi yana zaizayewa, cinyoyi suna tsotsewa.

Na uku, iskar oksijin, kuma ba za mu tsawaita ba domin ka san halin da ake ciki. Lokacinmu mafi tsanani shi ne hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mutane kuma su rufe ɗaki su shigar da kaskon garwashi. A nan ne ciwon ke tashi: haki ya ƙaru, kaki ya yawaita ya koma ruwan ɗorawa ko kore, laɓɓa su yi duhu, mutum ya fara gyangyaɗi ko sambatu. Idan aka kai shi asibiti cikin dare, sau da yawa amsar ita ce tukunya ta ƙare, ko babu wuta, ko a fara biya. Inda aka samu kuma, masu irin ciwonmu sai an auna musu ita da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, a tsayar da awon tsakanin 88 da 92, domin yawanta yana iya cutar da su. A 2021, lokacin korona, gwamnatin tarayya ta amince da gina cibiyoyin samar da oksijin 38 a faɗin ƙasa. Mun yi murna, mun zaci rabonmu ya zo. Wanda ke bakin iyakar jiha har yanzu tsakaninsa da tukunyar oksijin tafiyar sa'o'i ce.

Na huɗu shi ne abinci, kuma a nan muke roƙon Mai Girma ya ɗan dakata, domin shi ne ɓangaren da aka fi mantawa kuma shi ya fi araha a gyara. Mai wannan ciwo yana ƙona ƙarfi wajen numfashi kawai fiye da mai lafiya, ko da yana zaune. Ga shi kuma cin abincin kansa wahala ne. Duk wanda ya yi jinya ya san wannan zama: an ajiye wa tsoho malmalar tuwo da dare, ya yi loma uku, ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuya yana neman iska, domin tauna da haɗiya suna katse masa numfashi, cikin da ya cika kuma yana tokare huhu daga ƙasa. Sai ya ture kwanon. Iyali su ce Baba ya ƙi abinci, wasu ma su ji haushi. A haka nama ke zubewa, har da naman da ke ɗaga ƙirji, numfashi ya ƙara wuya, ci ya ƙara raguwa. Likitoci sun tabbatar cewa ramewa a wannan ciwo alama ce ta haɗari, suna ma fara damuwa da zarar awon nauyi da tsawo ya sauka ƙasa da 21. Amma da wuya ka ji an ɗora ɗayanmu a sikeli.

Abin takaicin shi ne, maganin wannan yana cikin kasuwar kowane ƙauye. A raba abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a jibga sau biyu. A ba da mai nauyin da safe ko da rana, lokacin da jiki ke da ƙarfi. Mara lafiya ya huta kafin ya ci, ya shaƙi maganinsa, ya zauna a miƙe, ya bar shan ruwa da yawa sai bayan ya gama, amma ya sha isasshe a tsawon yini domin kaki ya yi laushin fita, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda zuciya. A nemi mai laushi mai gina jiki: kunun gyaɗa, fura da nono, alale, awara, dafaffen ƙwai, kifi, faten wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a ƙara cokalin man gyaɗa ko manja a miya ga wanda ya rame. Garin kunun nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake koya wa iyaye mata a wajen awo domin yara masu tamowa, shi ma zai yi wa kakarsu amfani. Ganye da 'ya'yan itace na lokaci, mangwaro ko gwaiba ko lemo, kada a raina su. A rage lemon kwalba mai gas da duk abin da mutum ya lura yana kumbura masa ciki. Wake ma idan aka jiƙa aka surfe ya fi sauƙi. Wanda ƙafarsa ta fara kumbura, alamar ciwon ya taɓa zuciya, a rage masa gishiri da dunƙulen miya. Wanda kuma ƙiba ta yi masa yawa, nasa akasin haka ne, domin tumbi ma yana danne numfashi.

To amma me ake yi a gidajenmu? An gāji cewa mai tari ba ya cin mai, ba ya cin gyaɗa, ba ya shan nono, wasu har ƙwai suke hanawa. Sai a bar mutumin da ya fi kowa buƙatar abinci mai gina jiki da koko tsura da ruwan zafi, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Bincike bai nuna cewa madara tana ƙara yawan majina ba. Wannan magana idan ta fito daga bakin ɗa ko jika ba a jin ta, a ce yaushe aka haife shi. Idan ta fito daga bakin ma'aikacin asibiti ko ta gidan rediyon jiha, za a ji. Muna da jami'an abinci mai gina jiki a ƙananan hukumomi, sai dai aikinsu ya tsaya a kan yara da masu ciki. Ba ma ƙyashin yara, jikokinmu ne, roƙonmu a buɗe ƙofar ta haɗa da mu. Akwai kuma batun azumi: duk shekara tsofaffinmu suna ajiye inhela da rana saboda tsoron karya azumi, wasu su ƙare a gadon asibiti. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Da ma'aikata za ta haɗa likitoci da malamai su zauna kafin Ramadan su fitar da bayani ɗaya, da an huta.

Na biyar, tushen ciwon. A ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo. A irin ƙasashenmu rabonta kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki kuma yana cikin manyan masu ɗaukar sauran. Shi ya sa yake mana ciwo idan aka tambayi uwa ko tana shan sigari, ta ce a'a, sai a rufe maganar, ba a tambaye ta shekara nawa ta yi tana hura wutar kara da ɗanyen itace da kashin shanu a madafar da ba ta da taga ba, da goyo a bayanta. An ce mana mu koma gas. Wasunmu sun ci bashi sun sayi tukunya, kuɗin gas ya tashi, tukunyar ta koma ƙarƙashin gado, aka koma gawayi da itace. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, muna jiran mu ga hayaƙin madafarmu ya ragu. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A zagaya teburan bakin tasha a gani. Ga shisha kuma ta shigo wa samari. Wanda ya yi niyyar barin taba, alhali barinta shi ne abu mafi ƙarfi da ke rage wa ciwon gudu, ba shi da inda zai je a taimaka masa, sai faɗa da gori.

Ranka ya daɗe, mun yi haƙuri. An yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. An fitar da tsarin yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka na 2019 zuwa 2025, kuma cututtukan numfashi suna ciki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. Kowanne muka ji a rediyo sai mu ce to, wannan karon da mu. A nan gida ma, an taɓa tara mu a harabar asibiti, aka rubuta sunayenmu, aka ɗauki hoto, aka ce na'urar awon numfashi tana hanya kuma za a ware mana rana guda a mako. Mun koma mun tambaya, aka ce takarda tana sama. Mun bi ta hannun masu unguwanni da hakimai, mun bi ta hannun kwamitin asibiti. Ba mu tare hanya ba, ba mu zagi kowa a rediyo ba. Wasu daga cikin waɗanda aka rubuta sunayensu a wannan rana sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Saboda haka muna roƙo, cikin ladabi, a samar da sifirometa a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da aka koya wa aiki da ita, a kuma ba da umarni cewa duk ɗan shekara 40 zuwa sama mai tarin da ya daɗe, wanda gwajin tarin fuka bai nuna komai ba ko wanda ya gama maganinsa yana haki, a tura shi wannan awo. A sa inhela, mai gajeren aiki da mai dogon aiki, cikin magungunan da gwamnati ke sarowa da yawa da kuma cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. A tanadi oksijin da na'urar yatsa kafin hunturu, da wutar sola inda babu lantarki, a kuma duba yiwuwar rigakafin mura da na nimoniya ga masu ciwon.

Muna roƙon a cika alkawarin ranar nan guda a mako. A wannan rana a auna nauyinmu, a duba yadda muke shaƙar magani, jami'in abinci ya zauna da matan da ke mana girki, a kuma koya mana motsa jiki da dabarun numfashi, irin shaƙa ta hanci a fitar a hankali ta tsukakken baki. A wasu ƙasashe shiri ne na mako shida zuwa takwas, kuma an tabbatar yana rage haki da yawan kwanciya asibiti. Rumfa da benci da fili mai inuwa sun isa a fara. Sai kuma gidan rediyon jiha ya ba mu ko da rabin sa'a a watan Nuwamba, lokacin da duniya ke tunawa da wannan ciwo, wanda ya zo daidai da shigowar ƙura a wajenmu.

Muna fatan samun amsa a rubuce kafin hunturu mai zuwa, ko da amsar ita ce ga abin da zai yiwu bana, ga wanda sai baɗi. Wakilanmu a shirye suke su amsa kira duk ranar da Mai Girma ya ga dama, kuma muna gayyatarsa ya ziyarci ɗakin marasa lafiya na kowane asibitin karkara da ya zaɓa ba tare da sanarwa ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya yi masa jagora a kan amanar da ke wuyansa.

Naka cikin ladabi da biyayya,
a madadin masu fama da ciwon toshewar numfashi da masu jinyarsu na wannan jiha.